An sayar mini da layin 155 amma 142 nake gani, shin an cuce ni?

Abban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Masu sani su taimaka mini kafin in je in tayar da rigima. Ina raba intanet ga shaguna da ofisoshi a wajen Farm Centre da titin Zoo. Kamfanin da nake sayen layi a wurinsu sun jawo mini faiba har ɗakin na'urorina, takardar yarjejeniya ta ce STM-1, megabit 155, daga Kano zuwa Legas. Da tsakar dare na sauke kowa daga kan layin, na jona kwamfuta kai tsaye na gwada. 141, 142, a nan yake tsayawa, ko sau ɗaya bai taɓa 145 ba. Kuɗin 155 nake biya duk wata. Ina sauran 13 ɗin suka shiga?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Alhaji, wannan ai ba ya buƙatar dogon bincike. Ka biya kuɗin abu, an ba ka wanda bai kai ba. Ka ɗauki takardarka gobe ka je musu, ko su cika ko su rage kuɗi.

Na Hotoro:
Alhaji dakata tukuna. Da wace irin waya suka miƙa maka layin? Kuma na'urarsu da ke ɗakinka, bakin da ka jona na gigabit ne ko na ɗari?

Abban Ilham:
Na gigabit ne, wayar Ethernet ce daga akwatinsu zuwa rautata.

Baba Mai Waya:
To madalla. Ɗana Abban Ilham, zauna mu yi lissafin tare, don abin nan ba a ɓoye yake ba, duk wanda ya iya sau da rabawa zai fitar da shi.

Tun zamanin NITEL muke da wannan lissafi, kuma daga muryar mutum ya samo asali. Idan za a mayar da murya lambobi, ana ɗibanta sau 8,000 a daƙiƙa guda, kowane ɗiba bit 8, wato bayit ɗaya. 8,000 sau 8 ya ba ka 64,000. Shi ne kilobit 64 na layin tarho guda. Da aka zo tsara SDH, tsarin jigilar bayanai a faiba da STM-1 ke cikinsa, wanda ƙungiyar sadarwa ta duniya ta amince da shi a 1988, sai aka riƙe wannan bugun: ana aika firam, wato dunƙulen bayit da ke tafiya tare, sau 8,000 a kowace daƙiƙa, babu ƙari babu ragi.

Firam ɗin STM-1 yana da sahu 9, kowane sahu yana da gurbi 270, kowane gurbi bayit ɗaya. 9 sau 270 ya zama bayit 2,430. Ka yi sau 8, ka sake yin sau 8,000, za ka samu 155,520,000. Ga 155.52 ɗinka nan. Wannan shi ne gudun bayanai a cikin faibar, duk abin da ke wucewa, naka da wanda ba naka ba.

Yanzu a cikin gurbi 270 na kowane sahu, 9 na farko ba na kaya ba ne, na kula da layin ne. Bayit 81 ke nan a firam. Saura 261, shi ake kira VC-4, gudunsa 150.336. Shi ma VC-4 yana ware gurbi ɗaya a kowane sahu don bin diddigin kayan daga inda suka shiga zuwa inda za su fita, bayit 9 ke nan. Saura 260. 260 sau 9 ya zama 2,340, ka yi sau kilobit 64, tunda kowane bayit sau 8,000 ake aika shi a daƙiƙa: 149.76.

Saboda haka tun kafin bayaninka ya shiga, bayit 90 sun tafi, wato megabit 5.76. Babu kamfanin da zai ba ka fiye da 149.76 a cikin STM-1 ɗaya, a Kano kake ko a Landan.

Abban Ilham:
Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya. Na bi lissafin da kalkuleta, ya fita daidai. To amma daga 149 zuwa 142 fa? Akwai sauran bakwai.

Maman Sadiq:
Baba ya yi na ƙasa, bari in ɗora na sama. Alhaji, manhajar da ka yi gwaji da ita ba ta ƙirga komai sai ainihin bayanan da suka isa. Amma bayanan nan a ƙunshe suke tafiya. Babban ƙunshin Ethernet bayit 1,518 ne, 18 daga ciki adireshi ne da lambar tantancewa. A cikin 1,500 da suka rage, IP mai kula da adireshin intanet ya ɗauki 20, TCP mai tabbatar da isar saƙo ya ɗauki 20, saura 1,460. Sannan akwatin nasu, don ya zuba ƙunshin Ethernet cikin VC-4, yana amfani da wani tsari mai suna GFP, wanda ke ƙara wa kowane ƙunshi bayit 8. Ke nan a kowane bayit 1,526 da suka hau layi, 1,460 ne naka.

149.76 sau 1,460 a raba da 1,526 ya ba ka 143.3. Idan kuma kwamfutarka tana saka hatimin lokaci a cikin TCP, wanda yawancin na'urori masu Linux ke yi, wasu bayit 12 sun sake fita, saura 1,448, sakamakon ya dawo 142.1.

Kai kuma ka ce 141 zuwa 142 kake gani. Layinka cike yake maƙil. Ba su rage maka ko bit ɗaya ba.

Ɗan Kwari:
Hajiya, da girmamawa, ban ce lissafinku ba daidai ba ne. Abin da nake cewa daban ne. Idan na kai tukunyar gas a cika mini kilo 12.5, mai gas ɗin yana fara ɗora tukunyar a sikeli babu komai a ciki, ya cire nauyinta, sannan ya zuba mini kilo 12.5 na gas zalla. Ba ya haɗa mini da nauyin ƙarfen ya ce ai tare suke tafiya. Me ya sa masu faiba za su sayar da gas haɗe da tukunya? Alhaji ba injiniya ba ne, ɗan kasuwa ne, ya ga 155 a takarda ya yi lissafin kwastomominsa a kan 155. Wanda ya sayar masa ya san ba zai samu 155 ba, bai faɗa masa ba. Ni a wurina wannan ba ciniki ne mai tsafta ba.

Maman Sadiq:
Malam, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Ya kamata mai sayarwa ya yi bayani, kuma da yawansu ba sa yi, wasu ma su kansu 'yan tallan ba su san bambancin ba. Inda na rabu da kai shi ne, STM-1 sunan girman tukunyar ne, ba alkawarin gas ɗin da ke ciki ba. Kuma kamfanin ba zai iya yi maka alkawarin gas ɗin da lamba ɗaya ba, saboda ya danganta da abin da kai kake zubawa. Idan kwastomomin Alhaji fim suke saukewa, ƙunshin manya ne, asarar kaɗan ce. Idan kiran murya suke yi ta WhatsApp, ƙunshin ƙanana ne, amma adireshin da ke kan kowane ƙunshi bai ragu ba, don haka kason da ke tafiya a adireshi ya ƙaru sosai. Layi ɗaya, rana ɗaya, lambar tana canzawa da irin kayan.

Ɗan Kwari:
To su rubuta 149.76 mana. Wannan ai ba ya canzawa, Baba ya faɗa.

Baba Mai Waya:
A nan kam ka yi gaskiya, ba ni da ja. Da ni ne mai rubuta takardar, lambobi biyun zan saka.

Na Hotoro:
Ni abin da nake so Ɗan Kwari ya gane shi ne bayit 90 ɗin nan ba zubar da su ake yi ba, da su muke aiki kullum. Idan masu aikin titi suka sa katafila suka tsinke faiba a hanyar Zariya, akwai bayit biyu, K1 da K2, su ne ke sa na'urorin ɓangare biyu su yi magana su juya kaya zuwa ɗaya hanyar cikin ƙasa da kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa. Mai waya a kunne ba ya ma sanin an yi wani abu. Akwai B1 da B2 da B3 masu ƙirga kurakurai. Na sha zuwa ɗakin na'ura in tarar B2 yana ta hawa a allo, in zare kan faibar in duba da madubin dubawa, in ga ƙurar hunturu ta zauna a kan ɗan gilashin nan da bai kai kaurin gashi ba. In goge, in mayar, lambar ta tsaya cak. Ba don bayit ɗin ba, sai kwastoma ya kira yana faɗa kafin mu san akwai matsala. Har da bayit ɗin da aka ware mana mu ma'aikata, akwai 'yar wayar hannu a jikin akwatin, ka ɗaga ka yi magana da wanda ke ɗaya tashar ko babu sabis a wurin.

Alhaji, ka gode wa Allah ma da 142 ka gani. Lambar da mutum ya gani tana faɗa masa yadda aka haɗa shi. Da ka ga wajen 94 ko 95, to bakin na ɗari ne, ko wayar ta lalace ta sauko ɗari. Da ka ga wajen 131, to ba VC-4 guda suka ba ka ba, ƙananan akwatuna suka harhaɗa maka.

Auta:
Yaya Na Hotoro, don Allah ƙarin bayani a kan 131 ɗin. Ni ɗalibi ne a BUK, muna kan wannan darasin yanzu. Kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai: E1, ƙaramin layin nan na tarho, megabit 2.048 ne, idan na raba 155.52 da 2.048 ina samun kusan 76. Me ya sa ake cewa E1 63 ne kawai ke shiga STM-1?

Baba Mai Waya:
Auta, jikana, tambayarka ita ce amsar 131 ɗin. Ba a zuba E1 tsirara cikin firam. Kowane E1 ana ba shi gurbi 4 a duk sahu 9, bayit 36 ke nan, sau kilobit 64 ya zama 2.304. Shi E1 ɗin bayit 32 yake buƙata. Sauran 4 na manuni ne, da bin diddigi, da cikon da ake yi saboda agogon E1 ba lallai ya yi daidai da agogon babbar na'ura ba. Sai a haɗa uku su zama rukuni, a haɗa rukuni bakwai su zama babban rukuni, a haɗa manyan rukuni uku su cika VC-4. 3 sau 7 sau 3, 63. Gurbi 252 ke nan cikin 261, sauran tara na gudanarwa ne da ciko.

63 sau 2.048 ya zama 129.024, kashi 83 cikin 100 na gudun layin. Kuma shi kansa E1 yana da nasa ragin: gurbi 32 gare shi, na sifili na daidaita firam ne, na 16 na siginar kira ne, 30 ne na magana. STM-1 ɗaya ke nan yana ɗaukar kira 1,890 a lokaci guda. A zamaninmu wannan abu ne mai girma ƙwarai.

Idan kuma da E3 ka shigo, layin da ya fi E1 girma, mai megabit 34.368, uku kawai ke shiga, kowanne ɗauke da E1 16. Ka tashi da 48 maimakon 63 a cikin layi iri ɗaya. Shi ya sa rabawa kai tsaye ba ta taɓa ba ka amsa a wannan fanni. Sai ka tambaya a wane akwati aka saka kayan.

Maman Sadiq:
Sai 131 ɗin. Ƙaramin akwatin nan da ake saka E1 a ciki, VC-12, idan Ethernet za a zuba masa yana ɗaukar 2.176. Idan kamfani ya harhaɗa 63 ya ba ka a matsayin STM-1, ka samu 137.088, ba 149.76 ba. Yi masa lissafin 1,460 bisa 1,526, ya dawo 131.2. Duka biyun za a iya kiran su STM-1 a baki, amma tsakaninsu akwai megabit 12 da ɗoriya. A irin wannan ne mutum ke da hujjar yin magana. Haka layin megabit 100 akan yi shi da VC-12 guda 46, ya ba da 100.096, wasu kuma su yi shi da VC-3 guda biyu, ya tsaya a 96.768. Gigabit cikakke kuwa sai VC-4 guda bakwai, 1,048.32.

Ɗan Kwari:
Kun gani ko? Suna ɗaya, kaya biyu. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Auta:
Anti, tunda an zo nan. A littafinmu ina ganin "10G" da lambobi har huɗu: 9.953, 10.3125, 10.709, da 11.09. Wanne ne na gaskiya?

Maman Sadiq:
Duk na gaskiya ne, ƙanena, kowanne a wurinsa ake auna shi.

Gigabit 9.95328 shi ne STM-64, wato megabit 155.52 sau 64. Kayan da yake ɗauka 149.76 sau 64, megabit 9,584.64.

10.3125 na Ethernet ne. A nan abin ya juya: kayan ne 10 cif, sai aka ƙara bit 2 a kan kowane 64 kafin su hau faiba. 10 sau 66 bisa 64. Gigabit ma haka yake, kowane bit 8 ana mayar da shi 10, shi ya sa haskensa ke gudu a 1.25. Ka lura da wannan da kyau, don shi ne tushen ruɗanin Alhaji: mutanen SDH suna kiran layi da gudun duk abin da ke wucewa a faiba, mutanen Ethernet suna kiran sa da abin da ya rage bayan an cire wannan ƙarin.

Sauran biyun na OTN ne, tsarin G.709, wanda manyan layukan nesa ke amfani da shi yanzu. Firam ɗinsa sahu 4 ne, kowane sahu gurbi 4,080. 16 na farko na gudanarwa, 3,808 na kaya, 256 na ƙarshe na gyaran kuskure. Raba kowanne da 16 ka ga lambobin da ke rikita ɗalibai: 4,080 ya zama 255, 3,808 ya zama 238, idan ka haɗa kaya da gudanarwa 239. Gyaran kuskuren nan shi ne ribar tsarin gaba ɗaya. A kowane bayit 255, 16 na gyara ne, kuma suna iya gyara bayit 8 da suka lalace a hanya ba tare da an sake aikowa ba. Shi ya sa haske zai yi tafiya mai nisa, ya raunana, a karɓe shi lafiya.

Idan za a ɗora STM-16, wato STM-1 sau 16, a kai, sai ka yi 2.48832 sau 255 bisa 238, ka samu 2.666, shi ne OTU1. Na STM-64 ana ƙara ciko na gurbi 16, sai 238 ya koma 237. 9.95328 sau 255 bisa 237 ya ba ka 10.709, OTU2. Wurin kayansa 9.995 ne, ka ga 10.3125 ba zai shiga yadda yake ba. Ko dai a kwance ƙunshin a sake ɗaure shi da GFP, ko a ƙara wa agogon gudu. Da aka ƙara gudun sai aka samu 10.3125 sau 255 bisa 237, wato 11.096, shi ake kira OTU2e. Na 100G kuma haskensa 111.81 ne a OTU4, don ya ɗauki Ethernet mai 103.125.

Wani bambanci da za a iya tambayar ka a jarrabawa: a SDH firam 8,000 ne kullum, girman firam ɗin ne ke ƙaruwa. A OTN girman firam ba ya canzawa, yawan firam a daƙiƙa ne ke ƙaruwa. Don haka dabarar Baba ta bayit ɗaya kilobit 64 ba ta aiki a OTN.

Auta:
Allah ya saka da alheri Anti. 237 ɗin nan ya daɗe yana ba ni wahala.

Ummu Hanan:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Mu a gida a Nassarawa an saka mana faiba, mai sakawa ya ce layin gigabit biyu da rabi ne, amma idan ina sauke abu 5 ko 6 nake gani a allo.

Na Hotoro:
Hajiya, abu biyu ne. Na gida GPON ne, 2.488 saukowa, 1.244 hawa, amma ba naki ke kaɗai ba ne, ana raba zare ɗaya ga gidaje 32 ko 64, kowa da iyakar da ya biya. Na biyu, allon saukewa da megabayit yake nunawa, su kuma da megabit suke sayarwa. Ki yi sau 8. Idan 6 kike gani, wajen megabit 48 ke nan, ki duba ko tsarin 50 kuka saya.

Ummu Hanan:
Na 50 ne kuwa. Na gode.

Abban Ilham:
Jama'a na kira injiniyansu da safen nan, na tambaye shi yadda kuka koya mini. Ya ce VC-4 guda ne da GFP. Hankalina ya kwanta ta wannan ɓangaren. Amma ina tare da Ɗan Kwari a kan cewa da an faɗa mini tun farko da ban raba wa mutane a kan 155 ba. Yarjejeniyar ta kusa ƙarewa, kuma sun ce za su iya mayar da ni kan Ethernet zalla, megabit 200. Me zan ce su rubuta?

Maman Sadiq:
Su rubuta a ina ake auna 200 ɗin. A kan wayar Ethernet kowane ƙunshi yana da ƙarin bayit 20, 8 na share fage a gaba, 12 na tazara a baya. Idan da su ake ƙirgawa, naka 1,460 ne cikin 1,538, kusan kashi 95 cikin 100, za ka ga wajen 190. Idan ba da su ba, 1,460 cikin 1,518, wajen 192. Su kuma rubuta cewa 200 ɗin naka ne kai kaɗai, hawa da sauka, ba na rabawa ba, da kuma inda alkawarin ya tsaya, Legas ko nan Kano.

Ranar miƙa layi kada ka yarda da gwajin shafin intanet kawai. Ka ce su zo da na'urar gwaji su yi RFC 2544, wanda ke gwada ƙunshi daga bayit 64 har 1,518, su ba ka sakamakon a takarda.

Baba Mai Waya:
Ka ƙara da nisa, ɗana. Haske a cikin faiba yana cin kusan kilomita 200 a kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa kashi 10 ke nan ko fiye. Kwamfutar da ke aika kilobayit 64 sannan ta tsaya jiran amsa ba za ta wuce megabit 52 ba, komai faɗin layin. Idan za ka gwada da kanka, ka buɗe hanyoyi da yawa a lokaci guda.

Ɗan Kwari:
Alhaji ka sa su rubuta lambar da za ka gani a allonka ma, ko da a gefe ne, su sa hannu.

Na Hotoro:
Wannan ba za su sa wa hannu ba, tunda ya danganta da kwamfutarsa. Takardar gwajin ita za su sa wa hannu. Alhaji, ka sanar da ni ranar da za su zo, ina da aiki a Tarauni a makon, zan biyo in duba sakamakon na bayit 64 ɗin, a nan ƙananan na'urori suka fi gazawa.